Farar Hular Vibeke

Hirtshals, 19 ga Yuni

Zuwa ga uwargidana Bodil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da majinyatanki da ƙanƙarar Greenland da kika fifita a kaina wannan bazarar. Ya aikin asibiti? Ya ƙafar nan taki ta hagu, kumburin ya saɓe? Nan gida lafiya lau. Kyanwa tana ci, tumatirinki bai mutu ba tukuna, ni ma ina nan da sauran numfashi.

Kin hana ni kiranki a waya in ina cikin fushi, wai muryata tana tayar miki da marasa lafiya daga ƙetaren teku. To na bi umarni, ga takarda.

Daga yau ba ni ba Preben. Abotar shekara talatin na naɗe ta na ajiye. Jirgin ruwan da muka saya tare kuwa, ya zo da zarto ya yanki rabinsa.

Kin tuna Vibeke, ɗalibata ta ajin manya, wadda ta kawo mana kifi a kwalba da Kirsimeti kika ce gishirinsa ya fi na uwarki daidaito? Tun tana budurwa take masana'antar kifi, hannu cikin ruwan gishiri mai sanyi, har likita ya gaya mata yatsunta da kafaɗunta ba za su ƙara ɗaukar wani hunturu ba. Tana neman gurbin karatun aikin ɗakin gwajin jini. Duk darussan da aka nema ta ci, kemistiri kaɗai ya rage, kuma in babu shi babu gurbi. Jiya ce jarrabawarta ta baki, ni ne malami mai tambaya, alƙalin da aka turo mana daga waje kuma ba kowa ba ne sai Preben. Da na ga sunansa har murna na yi. Na saya masa kek mai kirfa da kuɗina.

Ta shigo, ta gaishe mu, ta tsaya gaban koren ƙyallen tebur tana duban takardun tambayoyin da aka kifa. Ta ɗaga guda. Gishiri! Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama. Tambayar ko kyanwarmu za ta gwada: an narkar da giram 11.7 na gishirin miya, an sami ruwan gishiri rabin lita, nawa ne ƙarfinsa? Mol ɗaya na gishiri, wato awon 'yan kemistiri, giram 58.5 ne. Ki raba, ki sami mol 0.2. Ki raba wannan da rabin lita, ki sami mol 0.4 a kowace lita. Shi ke nan. Ta ɗan yi tuntuɓe a hanya, na yi tari, ta gyara, ta kai ga 0.4 ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Sai gogan naki ya ajiye kek, ya goge baki, ya ce da wannan muryar tasa ta mai wa'azin jana'iza, "Madalla, Vibeke. To in na ba ki gishirin da kwalba, yaya za ki haɗa shi?"

Ta ce, "Sai in auna ruwa rabin lita, in zuba gishirin, in juya."

Ya ce, "Ruwan za ki fara aunawa?"

Ta ce, "To da me zan fara? Haka muke yi tun kafin a haifi wasu."

Bodil, na san dokar, ni nake koyar da ita. Gishiri ake fara zubawa, a narkar da shi da ɗan ruwa, sannan a cika kwalba zuwa layin da ke wuyanta, domin abin da ake aunawa ruwan gishirin ne gaba ɗaya, ba ruwan da aka zuba ba. In aka bi hanyarta, ruwan zai ɗan haura layi. Kin san da nawa? Bai kai cokalin shayi ɗaya ba. A kan abin da bai cika cokalin shayi ba aka tsayar da rayuwar mace mai shekara arba'in da bakwai.

Da ta fita muka rufe ƙofa don yanke maki. Ya ce, "Sifili ne, Aksel." Na ce, "Biyu ne, ta ci." Ya ce, "Ta haddace, ba ta gane ba." Na ce masa rabin likitocin ƙasar nan da haddar suka wuce, kuma shi kansa na san wanda ya riƙa raɗa masa amsa a shekararmu ta farko a jami'a. Ya ce, "Kada ka mai da shi faɗa, abokina." Ya ɗauki sauran kek ɗin ya ci. Kin san tsarin: in malami da alƙali suka kasa daidaitawa, kowa ya rubuta nasa, a ɗauki tsakiya, in tsakiyar ta faɗo inda babu maki a karkata wajen alƙali. Makin namu kuwa daga sifili sai biyu, mafi ƙarancin ci, daga biyu sai huɗu, tsakaninsu babu wani maki. Aka karkata. Sifili.

Kuma ni aka bari da faɗa mata, shi yana ciki yana shan kofi. Na buɗe ƙofa na tarar da baranda cike. Mijinta Ejnar ya sa rigar coci, yana riƙe da kwalin farar hular gama karatu, 'yarsu na riƙe da jan fure da ƙananan tutoci, abokan aikinta biyu sun baro masana'anta da takalman roba a ƙafa. Ejnar har ya ɗaga murfin kwalin. Na ja ta gefe na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dubi mijin ta ce, "Mai da ita mota." Ya ce, "Haba Vibeke, ai ko a hoto kya sa." Ta ce, "Na ce ka mai da ita."

Tsofaffin masu hikima sun rubuta littattafai da yawa a kan adalci, na karanta kaɗan. Ban ga inda suka ce a yi shi da kek a baki ba.

Ki gaida abokan aikinki. Ki riƙa sa safa biyu.

Mijinki mai ƙaunarki,
Aksel


Hirtshals, 29 ga Yuni

Bodil tawa,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Tumatiri ya fara fure, ba don ƙoƙarina ba.

Wasiƙarki ta iso. Na aika miki shafi uku na zuciya mai tafasa, kin maido mini da layi huɗu, na ukunsu kuma shi ne, "Me kuma ya tambaye ta bayan wannan?" Shekara ashirin da shida da aure ba su koya miki a bar mutum da labarinsa yadda ya tsara shi ba.

To, akwai wata tambaya guda da ban ga amfanin ambata ba. Ya ce mata, "Mene ne mol?" Ta ce giram 58.5 ne. Ya ce, "In sukari ne fa?" Ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Ta ce, "Shi ma haka." Na san ba haka ba ne, kin san ba haka ba ne, mol ɗin sukari ya haura giram ɗari uku. Amma mutumin kirki in ya ga mace tana nutsewa ba ya miƙa mata buhun sukari.

Layinki na huɗu kuwa, wai ba za ki so a ɗaura wa majinyacinki ruwan da aka haɗa da "shi ma haka" ba. Na gode. Na nemi mata, na sami alƙali na biyu. Ba yau za a ba ta asibiti ba, Bodil, ƙofar makaranta kawai take nema, can akwai shekara uku da rabi da za a koya mata.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci jiya ba. Na je kanti sayen madara sai ga Ejnar a layin biya. Na gaishe shi. Ya dube ni kamar kifin da ya kwana a rana. Ashe 'yarsu ta binciko musu yadda ake yanke maki. Ya ce, a gaban mai karɓar kuɗi da mata uku masu kunnuwa, "Malam Aksel, ashe da huɗu ka ce, da tsakiya ta faɗa kan biyu, da ta ci?"

Na ce, "Haka lissafin yake."

Ya ce, "Kai malamin lissafi, ba ka hango ba?"

Na ce, "Kemistiri nake koyarwa. Kuma na hango."

Ya ce, "Wancan baƙo ne, bai san hannuwanta ba. Kai ka sani. Da safe ni nake ɓalle mata maɓallin riga." Ya ɗauki ledarsa ya fita, ya bar ni da madara a hannu.

Kin ji fa. Preben ya yanka, amma ni ake nema da jinin. Shi yana Aalborg yana ban ruwan furanninsa, ni ne a garin nan da zan riƙa sauya kanti. Na hango huɗun nan sarai a ranar, alƙalamina har ya taɓa takarda. Amma amsarta ba ta huɗu ba ce, ta biyu ce, kuma ban taɓa rubuta makin da ban yarda da shi ba. Na ɗauka in na faɗi gaskiya abokina zai taho ya same ni a kanta. Shi kuma ya ɗauka tasa ce gaskiyar. Jakai biyu a kan gada ɗaya, Vibeke ce ta faɗa ruwa.

Ban je wajen wutar bikin tsakiyar bazara, Sankt Hans, a bakin teku ba bana. Preben ya aiko saƙo wai zai zo da giya kamar kullum. Na amsa masa da kalma ɗaya, ba zan rubuta ta a wasiƙar matata ba.

Gobe zan zauna in tsara mata takardar ƙorafi. Zan tona shi tun daga gaisuwar da ya yi mata.

Naki har kullum, ko da kin koma ɓangarensa,
Aksel


Hirtshals, 21 ga Yuli

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya rana mai ƙin faɗuwa, kina samun barci kuwa? Hoton da kika aiko ya iso, kin rame, ki riƙa ci.

Ƙorafin ya mutu. Na kai mata shi har gida, shafi biyar, mafi kyawun abin da na rubuta tun wasiƙun neman aurenki. Ta karanta shafin farko ta miƙo mini. Ta ce, "Malam, a nan ka ce na nuna fahimta. Wace fahimta? Ni fa ina wurin." Na ce ai haka ake rubuta irin waɗannan takardu. Ta ce, "To ka rubuta wa wani. An ce za a riƙe mini gurbi in na sake jarrabawar na ci a watan Agusta. Ka koya mini abin, ko in nemi wancan mai cin kek ɗin ya koya mini."

Saboda haka yanzu ita ce nake fushi da ita, kuma a kicin ɗinki. Tana zuwa bayan ta tashi aiki. Na aro kwalba mai dogon wuya da ma'auni daga makaranta, sukarinki ya kusa ƙarewa, ki yi haƙuri.

Ban taɓa ganin taurin kai irin nata ba. Na ce mata mol ƙidaya ce, ba nauyi ba, kamar dozin: dozin ɗin ƙwan kaza da dozin ɗin ƙwan agwagwa duk sha biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Ta ce, "Wa ke sayen ƙwan agwagwa?" Na ce to ɗauki kifi, ƙanana ɗari da manya ɗari. Ta ce, "Mu ba ma ƙirga kifi, Malam, aunawa muke. Mai ƙirga kifi korarsa ake yi." Shekara talatin duk abin da ya shigo hannunta kan sikeli yake hawa, ni kuma ina so a mako shida ta yarda akwai abin da ake ƙirgawa ba a ganinsa. Ranar Talata na buga tebur har kyanwa ta bar gidan. Ta ce, "Buga da kyau, teburin matarka ne."

Hannunta ba ya iya riƙe robar da ake matsawa ta ɗiga ruwa a hankali zuwa layi, rawa yake yi. Ta wuce layin sau bakwai a jere, kowane karo ta zubar ta sake, ba ta bari in taɓa. A nan ne sai in fita duba tumatiri.

Af, na leƙa tashar jiragen ruwa. Mutumin naki ya zo a ɓoye ya yi wa jirginmu fenti, gefe guda cif, ya bar ɗayan. Duk tashar dariya ake mana. Ya zauna haka har ya ruɓe.

Mijinki,
Aksel


Hirtshals, 23 ga Agusta

Masoyiyata Bodil,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin fara haɗa kaya. Ki taho da ƙafarki lafiya, sauran duk mai sauƙi ne. Na ci tumatiri biyu daga shukarki, na bar miki sauran.

Jiya aka sake jarrabawar. Wannan karon barandar babu kowa sai Ejnar, ba rigar coci, ba fure, ba tuta. Ta hana kowa zuwa. Kwalin ma a mota ya bar shi. Bai gaishe ni ba, ni ma na taya shi.

Alƙaliyar wata yarinya ce, Solvej, ba ta fi sa'ar ɗanmu ba, ta zo da ruwanta a gora ta ƙi kek ɗina. Vibeke ta ɗaga takarda, ba gishiri ba ne, ruwan tsami ne, wato asid, da yadda ake kashe kaifinsa. Ta yi ta dambe da shi, ta faɗi nan ta tashi can, ta rubuta abu ta goge da gefen hannu har allon ya zama kamar hadari. Wani wurin ta sani, wani wurin ta ce, "Wannan ban sani ba," ta wuce. Ban yi tari ba ko sau ɗaya, ta riga ta gargaɗe ni in na yi za ta fita.

Can wajen ƙarshe Solvej ta ce, "In ina son lita ɗaya ta ruwan gishiri mai ƙarfin mol ɗaya, yaya za ki yi mini?"

Ta ce, "Giram 58.5 a kwalba, in narkar da ɗan ruwa, in cika zuwa layi, idona daidai da layin."

"In sukari ne fa?"

"Sai ki ba ni nauyin mol ɗinsa. Ƙidayar ɗaya ce, nauyin kowa nasa."

"Wanda ya fara auna ruwa lita ɗaya kuma ya zuba gishiri a kai?"

Ta ce, "Mai yin haka kifi zai jiƙa."

Da muka rufe ƙofa Solvej ta ce, "Huɗu." Bodil, ga huɗun da aka yi wata biyu ana jifana da ita a kanti, an ɗora mini a faranti. Abin da ya rage in gyaɗa kai. Na dubi allon nan mai kama da hadari, na tuna wurare uku da ta ce ba ta sani ba, sai na ji bakina ya ce, "Biyu ne." Yarinyar ta zare tabarau ta ce, "Ɗalibarka ce fa." Na ce na sani. Ta ce, "Ban taɓa ganin malamin da ke jan nasa ƙasa ba." Ta ƙi sauka, na ƙi hawa. Kowa ya rubuta nasa. Tsakiya ta faɗo tsakanin biyu da huɗu, aka karkata wajen alƙali. Huɗu.

Kada ki yabe ni, gaskiya ce mai araha, ko ta wane gefe aka karkata ta ci. Abin da ke ci mini rai shi ne na ji muryar da na yi maganar da ita. Muryar mai wa'azin jana'iza ce. Saura kaɗan in goge baki.

Na fita na gaya mata. Ta jingina da bango ta rufe ido. Ejnar ya juya da gudu-gudu zuwa mota, mutum mai wannan tumbin. Hular ta yi wata biyu a but ɗin mota, ta lotse gefe guda, tana warin man dizal. Ya buga ta a cinya, ya ɗora mata a karkace, ta gyara. Aka zo rubuta makin ƙarshe a cikin hular kamar yadda al'ada take, yatsunta suka ƙi riƙe alƙalami, shi ya rubuta mata huɗun, ƙato, kamar lambar akwatin kifi.

Ta dube ni ta ƙarƙashin hular ta ce, "Kai nawa ka ce?"

Na ce abin da aka yi a bayan ƙofa sirri ne.

Ta ce, "Biyu ka ce. Na san ka." Ejnar ya buɗe baki, ta ce, "Rufe, Ejnar. Biyun ce tawa, huɗun kyauta ce." Ranar ɗaya ga wata za ta fara karatu. Ta riga ta mai da takalman robanta masana'anta.

Da yamma na bi ta tasha, don kawai in ga ko jirgin ya nutse. Na tarar da gwangwanin fenti a ƙarƙashin benci da buroshi a wanke. Preben ya bar mini rabi, har ya ja layi a jikin gwangwanin don kada a ce ya ci nawa. Na ɗaga shi daidai idona na duba. Bai haura ba, bai gaza ba, la'ananne.

Ban yafe masa ba, kada ki je ki gaya masa wani abu. Amma jirgi mai fenti gefe guda abin kunya ne a garin nan, kuma an ce Asabar ba za a yi ruwa ba.

Zan zo tarbarki. Ki sayo sukari a hanya.

Mijinki mai jiranki,
Aksel